KUNNEN HAGUN DESPINA

Shafi na 27

Na ga saƙonninku, har na zagin na karanta. Rabinku kun riga kun yanke wa Desi hukunci, wata ma cewa ta yi da ƙanwarta ce sai ta wanke ta da mari. To mayar da hannunki tukuna, 'yar'uwa.

Wanda yau ya shigo, ga inda muke. Desi, wato Despina Mavridis, ita ce yarinyar da ubanta ya ɗora wa goge a kafaɗa tun ba ta iya ɗaure igiyar takalmi ba. Ta yi makarantar kiɗa, ta samu kujera a sahun gaba na babbar ƙungiyar makaɗan birni, sai rana ɗaya ta ninke baƙar rigar aiki ta bi 'yan jita da ganga, daga wannan mashaya zuwa waccan, tana rera waƙoƙin da ta tsara da kanta. Tun daga ranar maganar kiɗa ta mutu tsakaninta da uban. Yanzu tsohon yana kwance, likitoci sun sallamo shi gida ba don ya warke ba. Tsoffin ɗalibansa sun shirya masa taro ran Lahadi a zauren coci, shi kuma abu ɗaya ya roƙa: Despina ta rufe taron da goge, ita kaɗai, ba lasifika. Ta turo saƙo ta waya ta ce ba za ta yi ba.

*

Ta ƙofar baya ta shiga. A gidan Mavridis ƙofar gaba ta limamin coci ce da baƙin da ba a so su daɗe.

Iskar arewa ta wuni tana hura wuta a unguwarsu ta Northcote. Tumatirin Baba duk sun sunkuyar da kai, lemon tsami ya zube a siminti ba mai tsincewa. Desi ta tsaya tana kallon lambun. Mutumin da ke fitowa da sassafe cikin gajeren wando yana zagin dodon koɗi da yaren Girka, yau ko tiyo ba ya iya ɗagawa.

Yayarta Fotini, wadda ake kira Fofo, tana kicin tana kaɗa ƙwai da lemon tsami na miyar kaza. Ko juyowa ba ta yi ba.

"A'a. Tauraruwa ta sauko ƙasa."

"Sannu da aiki, Fofo."

"Ni ce da yi miki sannu. Tun daga Brunswick, nan bayan gida fa! Kin sha hanya. In kawo ruwa ki jiƙa ƙafa?"

"Don Allah kar ki fara."

"Ban fara ba. In na fara za ki sani."

Sai a lokacin ta juyo. Ta kalli kafaɗar Desi, ta kalli hannuwanta.

"Ina gogen?"

"Ban zo da shi ba."

"Ba ki zo da shi ba."

"Ai na faɗa miki a waya."

"Kin faɗa. Na ce da kaina, bar ta, wataƙila ta sha ta yi tatul ne, gobe za ta dawo hayyacinta. Ashe da idonki biyu kika rubuta."

Desi ta ja kujera ta zauna, ta zaɓi wadda za ta sa Fofo ta kasance a damanta. Ta daɗe da koyon wannan dabarar har ta zame mata jiki.

Bari in faɗa muku abin da Desi ba ta faɗa wa kowa ba, har 'yan ƙungiyarta.

Goge ba jita ba ne. Jita tana da layukan ƙarfe a wuya, in ka danna a kai murya ta fito daidai ko da kai kurma ne. Wuyan goge sumul yake. Kunne ne ke gaya wa yatsa inda zai sauka. Da ta shiga kiɗan rok, Tully mai ganga ya miƙa mata matoshin kunne irin wanda dukansu ke sawa. Ta gwada sau ɗaya, ta ji kamar a ƙarƙashin ruwa take kiɗa, yatsunta suka ɓata hanya. Ta cire ta jefar. Kunnen da aka yi shekara da shekaru ana wasawa, shi za ta toshe da soso? Haka ta yi ta tsayawa gefen ganguna, lasifika a bayanta, gogen kuma manne da kunnen hagu yana ƙara nasa.

Da fari wata siririyar ƙara ce bayan an tashi daga wasa, da safe ta tafi. Daga baya ta daina tafiya. Sai kuma wanda ya fi muni ya zo: murya ɗaya ta koma biyu. Kunnen dama ya ji ta a nan, na hagu ya ji ta can ƙasa kaɗan, a dishe, ita kuma ba ta san wanne ke faɗa mata gaskiya ba. Likitan kunne ya gama gwaje-gwajensa, ya cire tabarau, ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare saura.

Shi ya sa goge ya yi ta raguwa a waƙoƙinta. 'Yan jarida suka ce ta girma, ta samu sabon salo. Ita kuwa in dole ta ɗauke shi a dandamali, idonta na kan 'yar na'urar da ke kusa da ƙafarta, mai kunna koren haske in murya ta yi daidai. A zauren coci babu na'ura, babu gangar da za ta binne kuskure. Ɗaliban ubanta, Lefteris Mavridis, ne za su cika kujeru, mutanen da ke gane kuskure ko bai kai kaurin gashi ba.

In ta hau, ta kunyata shi gaban duk wanda ya taɓa koyarwa. In ta faɗi dalili, ta tabbatar masa da abin da ya faɗa ranar da ta tafi, cewa hayaniyar nan sai ta cinye abin da ya gina. Ta gwammace ya tafi yana ganinta mai girman kai, da ya tafi yana sanin ta lalace. Ni ban ce ta yi daidai ba. Cewa na yi ku rage zagi.

Fofo ta koma wajen famfo, ta kunna ruwa. Famfon yana hagun Desi. Leɓe kawai ta ga yana motsi.

"Me kika ce?"

Fofo ta kashe famfon a hankali.

"Au. Har maganata ma ta zama iska."

"Ban ji ba ne, ruwan ne..."

"Cewa na yi jiya ya sa na fito masa da kwat ɗinsa. Na gwada masa. Desi, mutum biyu za su shiga cikinta yanzu. Na zauna ina rage ta da allura ina kuka, shi kuma yana tambayata ko kin faɗi waƙar da za ki yi."

"Ba ki gaya masa ba?"

"Ni? Ni zan gaya masa? In juya shi, in yi masa wanka, in share masa baki, wannan ma ni? A'a wallahi. Kayanki ne, shiga ki sauke da kanki."

"Akwai ɗalibarsa Anthea. Akwai wannan ɗalibin nasa na Sydney. Duk sun fi ni yanzu, ni na bar harkar."

"Bai ce Anthea ba."

"Fofo, ba za ki gane ba."

Da ta san abin da kalmar za ta tono, da ta haɗiye ta. Fofo ta ajiye cokali, ta share hannu a jikin riga, ta zo ta tsaya a kanta.

"Ba zan gane ba. Gaskiya ne. Kin san ina 'yar mitsitsiya ya tsayar da ni gaban fiyano, ya danna, ya ce in bi da murya? Na bi. Ya shafa kaina ya ce, Fotini, je ki taya uwarki aiki. Shi ke nan. Tawa ta ƙare kafin gahawarsa ta huce. Ke kuwa tun kina rarrafe yake cewa ga kunne, ga kunne, Allah ya ba gidan nan kunne!"

"Ya isa..."

"Bai isa ba. Aka hana mu talabijin saboda kunnenki. Aka hana ni kawo ƙawaye saboda kunnenki. Na ce to, ai ita aka ba. Ban taɓa yi miki baƙin ciki ba, Allah ne shaidata. Yau ana roƙonki ki ara masa kunnen nan na ɗan lokaci, mutum yana bakin kabari, ki dube ni ki ce kin bar harkar?"

Desi ta damƙe bakin tebur. Maganar ta taho har kan harshenta. Kalma kaɗan ce, da ta faɗa da ta huta. Amma Fofo ba ta iya riƙe abu a fuska ba, tana shiga ɗakin da kwanon miya Baba zai karanta komai.

Fofo ta ɗaga kai ta kalli hanyar ɗakuna.

"Yana kiranki."

Desi ta waiga.

"Ko shi ma ba ki ji ba?"

*

Ɗakin gaba ne, inda ya koyar da rabin yaran unguwar. Yanzu gadon asibiti ya cinye tsakiyarsa, an jera magunguna a kan fiyano, 'yar fitila na ci gaban hoton Maryamu. Fanka na juya iska mai zafi. Baba ya ƙanƙance, har sai da ta neme shi a cikin matasan kai.

"Rufe ƙofa."

Ta rufe.

"Baba, ya jiki?"

"Jiki ya yi nasa. Zo nan."

Ta nufi kujerar da ke gefen gadon.

"A'a. Zagayo ta wancan gefen. Ba ni kunnenki na dama."

Ta waigo ta dube shi.

"Me... me ka ce?"

"Kin ji ni. Da wannan ai kina ji."

Ba ta san yadda aka yi ta zagaya ba. Ta tsinci kanta zaune a bakin gadon.

"Wa ya gaya maka? Fofo?"

"Fotini ba ta sani ba. Fotini ko za a yanka ta ba ta bambance goge da kukan ƙofa. Zuciya Allah ya ba ta, wadda ta fi kunne. Ban gane haka ba sai da na kwanta."

"To wa?"

"Ke."

Ya numfasa. Kowace magana sai ya je ya ɗauko ta daga nesa.

"Akwai 'yar rediyo a rumfar lambu. Kun ɗauka ƙwallo nake saurara. Tashar nan ta yaran jami'a, masu magana kamar an matse musu hanci. Duk ranar da suka ce za ku zo ku yi wasa kai tsaye, ina can zaune kan buhun taki."

"Kai da ka ce ba kiɗa ba ne?"

"Har yanzu ban ce kiɗa ba ne. Mai gangar nan naku kamar yana gyaran rufin kwano. Amma 'yata na ciki. Ya zan yi?"

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya ta koma kuka. Shekarun nan duk tana hawa dandamali da tunanin babu ruwansa da ita, ashe yana bayan tumatir.

"Kar ki yi kuka tukuna. Ban zo wurin ba."

Ta share ido da bayan hannu.

"Shekarar da gobarar daji ta rufe gari da hayaƙi, kun zo rediyo. Kika hau sama a tsirkiyar ƙarshe, kika wuce wurin da kaɗan. Na ce gajiya ce. Kika sake hawa, kika sake wucewa, daidai gwargwadon na farko. Malalaci yana kuskure nan da can, Despina. Wanda ke kuskure iri ɗaya kullum, kunnensa ne ke yi masa ƙarya. Na san abin. Na zauna shekaru kusa da wani a ƙungiya, kujerarsa gaban masu kakaki. Haka nasa ya fara."

"Tun lokacin? Ni kaina a lokacin ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. A lokacin da saura. Da an toshe kunnen, an janye ki daga gangar, da kin tsira da mafi yawa." Ya rufe ido. "Na shigo gida da takalmin lambu. Na ɗauki waya. Na danna lambarki."

"Ba ka taɓa kirana ba."

"Na ajiye kafin ta shiga."

Fankar ta juyo, ta koma.

"Me ya sa?"

"Don kar ki san ina saurare. In na kira, na sauko ke nan. Na ce bari ta ji a jikinta, za ta dawo da ƙafarta ta ce, Baba, ka yi gaskiya." Hawaye ya gangaro ya shige cikin furfurar gemunsa. "To na yi gaskiya. Ga ta nan, na samu gaskiyata. Gaya min abin da zan yi da ita."

Ku da kuke jira ta rungume shi, ku yi haƙuri. Miƙewa ta yi.

"Ka ji. Ka ji, ka yi shiru."

"Na yi shiru."

"Ina ta ɓoyewa! Ina ta juya kujera, ina karanta leɓen mutane, ina jin tsoron ranar da za ka sani kar baƙin ciki ya kashe ka. Ashe kai ka riga ni sani! Da gidan maƙwabci ka ga yana hayaƙi, Baba, da ka buga masa ƙofa!"

"Da na buga."

"Ni 'yarka ce!"

"Shi ya sa ya yi wuya. Ba uzuri ba ne. Haka dai abin yake."

Ta kai har bakin ƙofa, ta kama mariƙin. Ba ta taɓa jin haushin mutum da tausayinsa sun haɗu sun shaƙe ta irin haka ba.

"To me ya sa ka ce in yi ran Lahadi?" ta tambaya ba tare da ta juyo ba. "Don su ji? Don kowa ya ga ƙarshen wadda ba ta jin magana?"

Ya ce wani abu. Dole ta juyo ta ba shi kunnen dama.

"Cewa na yi, ba ni da wata hanyar da zan kawo ki ɗakin nan da goge a hannu. Ni ban iya ba da haƙuri ba, Despina. Ba a koya min ba. Darasi kawai na iya."

Ta saki mariƙin ƙofar.

"In zagina za ki yi, zage ni, na cancanta. Amma yi sauri, lokacina kaɗan ne. In kin gama, janyo akwatin nan da ke ƙarƙashin gado."

Ba ta zage shi ba. Ta durƙusa ta janyo akwatin.

Gogensa ne, wanda ya hau jirgin ruwa da shi ya zo ƙasar nan yana saurayi. Tana buɗewa ƙamshin ƙaro da tsohon katako ya buge ta, ƙamshin duk wata la'asar ta ƙuruciyarta. Tsirkiyoyin sun saki. Ta ɗauko shi kamar mai ɗaukar jariri.

"Baba, ba zan iya saita shi ba. Babu na'ura."

"Na'ura." Ya yi tsaki, ƙarfin da ya rage masa duk ya zuba a tsakin. "Ga na'urarki nan."

Ya zaro hannun damansa ya ɗora kan zanen gado, ya miƙe manuniya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin nan ya san yatsan. Lefteris Mavridis ba ya magana in ɗalibi na kiɗa. Hannu yake ɗorawa a gwiwa. In murya ta yi ƙasa, yatsan ya ɗaga, wato hau. In ta yi sama, ya danna, wato sauko. Yabo kuwa babu shi a bakinsa. Yabonsa shi ne yatsan ya kwanta shiru. Akwai manyan makaɗa a ƙasar nan masu furfura da har yau suke mafarkin yatsan nan.

Ta ja sandar goge a kan tsirkiya tana murɗa maƙullin. Yatsa ya ɗaga. Ta ƙara. Ya danna. Ta rage. Ya kwanta. Haka suka bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ita tana jin muryoyi biyu suna faɗa a kanta, tana ƙin yarda da kowacce.

"Yanzu cire matashin kafaɗar nan. Cire ƙyallen ma. Ɗora muƙamuƙinki kan katako tsirara."

"Kai ka ce kar in taɓa yin haka, gumi na ɓata fenti."

"Ya ɓata. Wa zan bar wa? Saurara da kyau. In yatsanki ya sauka daidai, sauran tsirkiyoyin suna amsawa da kansu, katakon ya yi rawa. In ya kauce, sai katakon ya yi gum. Masu kunne ba sa kula da wannan, ba sa bukata. Ke yanzu da haƙori za ki ji, da ƙashin wuya. Mutumin nan na gaban kakaki da haka ya ƙarasa aikinsa, babu wanda ya sani sai ni."

"Kafin Lahadi? Baba, wannan aikin watanni ne."

"Watannin naki ne, ki yi su bayana. Lahadi tawa ce. Zan zauna a sahun gaba, hannuna a gwiwa. Su za su ga tsoho yana hutawa. Ke za ki ga yatsa. Babu wanda zai sani."

Wani abu da ya daɗe a daskare a ƙirjinta ya fara saki. Ta ji tsoron abin, don ta manta yadda sa rai yake.

"Wacce zan yi? Ta Jamusawan nan da kake so?"

"Jamusawa sun samu masu yi musu. Taki za ki yi. Wadda kika yi wa uwarki, ta shanya a ƙarƙashin ɓaure."

"Ka san ta?"

"Tsakiyarta ta yi tsawo, kuma kin rufe ta da hayaniya kamar mai jin kunyarta. Amma uwarki ce a ciki, har yadda take riƙe abin matse kaya a baki. Ranar da na fara jin ta sai da na zauna a rumfa har miya ta huce."

Ta gyara riƙon gogen.

"Tsaya can, wajen fiyano, inda kika saba. Dokar ba ta canza ba."

"Kar in kalli fuskarka."

"Kar ki kalli fuskata. Tun kina ƙarama kike neman yabo a fuskar mutane, shi ke karkatar miki da hannu. Yatsa kawai."

Ta tsaya inda kafet ya ƙoƙe da sawun yara. Ta ɗora muƙamuƙi kan katakon, ta kafa ido a kan hannun nan mai jijiyoyi, ta ja sanda.

Muryar farko, yatsa ya danna. Ta sauko.

Ta biyu, ya danna. Ta sauko.

Kunya ta kama ta, ta so ta tsaya, yatsan ya buga zanen gado, wato ci gaba. Ta ci gaba. Ya ɗaga, ya danna, ya danna, kamar lokacin da take 'yar firamare.

Sai a wata doguwar murya ta ji abin da ya faɗa. Ba a kunne ba. A haƙoranta na ƙasa, wata 'yar rawa, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Ta matsar da yatsa kaɗan, rawar ta mutu. Ta mayar, ta dawo. Yatsan Baba ya kwanta.

Wayyo Allah. Ashe abin yana nan.

Ta fara bin rawar tana ƙyale kunnuwan suna gardamarsu. Yatsan ya ɗaga sau ɗaya, a hankali. Ta gyara. Ya ɗan motsa, ya koma ya kwanta.

Layi guda ya wuce, bai motsa ba.

Wani ya wuce.

Ta shiga tsakiyar waƙar, wurin da ya ce ya yi tsawo, tana jiran ya buga mata zane. Shiru. A duk shekarun da ta yi tana tsayawa a ɗakin nan, yatsan bai taɓa kwanciya tsawon haka ba. Ko ranar da ta ci jarrabawar shiga ƙungiya sai da ya danna mata.

Ga hawan nan ya taho, can saman tsirkiyar ƙarshe, wurin da ta daɗe tana gudu. Ta cije, ta hau.

Yatsan bai ɗaga ba. Bai danna ba.

Hawaye suka ɓalle mata, suna bin kumatu suna sauka kan katakon Baba. Murna ce, tsantsarta, irin wadda ta ɗauka ta rabu da ita har abada. Za ta yi Lahadi. Za ta tsaya gaban Anthea da na Sydney da dukansu. Ta ƙi ta ƙare waƙar, ta sake komawa farko, har ta buɗe baki tana rera baitin uwarta a kan gogen, idonta bai bar yatsan ba ko na ƙiftawa.

Ƙofar ɗakin tana hagunta.

Ba ta ji an buɗe ta ba. Ba ta ji kwanon miya ya faɗi ya tarwatse ba. Ba ta ji sunanta ba, da ake ta kira ana ƙarawa.

Sai dai ta ji an fizge sandar daga hannunta.

"Fofo! Kin ji? Bai ɗaga ba! Har can sama na hau, ko motsi bai..."

"Ke kurma ce?!" Fofo ta daka mata tsawa, muryarta ta tsage. "Tun ɗazu nake ihu!"

"Yatsan... ya ce in kalli yatsa..."

Fofo ba ita take kallo ba. Ta saki sandar ta faɗi ƙasa, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Fuskarsa, Desi. Dubi fuskarsa, ba ya numfashi!"

Sai a lokacin Despina ta ɗauke ido daga kan yatsan.